Ɗan Cin Ranin Da Ke Zuwa Tiga Daga Turai

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau tarihin da za mu taɓa ba na sarki ba ne, ba na yaƙi ba. Tarihin wani ɗan tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza guda ba, da kuma ruwan da yake tsayawa a bakinsa a nan kudancin Kano. Na san wani zai ce, to yau kuma tsuntsu? Ku dai biyo ni, domin kafin mu gama za mu je Jamus, mu ratsa Sahara, mu dawo Tiga, mu gangara har Nguru.

Bari in fara da laifin da na taɓa yi.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, lokacin bazara, zafin nan na watan Afrilu, muka je bakin dam ɗin Tiga ni da abokaina, kowa da danƙonsa a wuya. Akwai wani ɗan tsuntsu da muke ce wa mai rawar jela, saboda ba ya tsayawa cak, kullum bayansa na sama da ƙasa kamar ana yi masa kiɗa. Yana da wuyar samu, amma ranar nan na dace, na harbo ɗaya. Da muka fige shi sai muka ga abin mamaki: ɗan mitsitsin tsuntsu, amma jikinsa duk kitse ne, rawaya, har yana naso a hannu. Da muka ɗora shi a wuta mai ya riƙa ɗiga yana cuwwa. Muka yi ta dariya muna cewa wannan ya fi mu cin daɗi.

Wani dattijo masunci yana gefe yana gyaran komarsa. Ya dube mu ya ce, "Kai yara, baƙo kuka kashe. Wannan ba ɗan gari ba ne, kwanan nan za ku neme su ku rasa." Na ce, "Baba, ina suke zuwa?" Ya ce, "Inda suka fito mana." Ya ci gaba da aikinsa.

Sai da na yi shekaru kafin na fahimci cewa kitsen nan da muka soya guzuri ne. Tsuntsun ya yi makonni yana tara shi don ya ƙetare Sahara, saura kwanaki ya tashi, ni kuma na tare shi da dutse.

To wane ne wannan baƙo?

Masana kimiyya suna kiransa Actitis hypoleucos. Kalmomin na Girkanci ne. Ta farko tana nufin mazaunin gaɓar ruwa, ta biyu kuma tana nufin mai fari daga ƙasa. Wato da Hausa sai mu ce mazaunin gaɓa mai farin ciki, kuma duk ma'anar da ka ɗauka cikin biyun ta yi daidai da shi. Tsawonsa daga baki zuwa jela kamar santimita 20 ne. Bayansa ruwan ƙasa ne mai ɗan toka-toka, cikinsa fari fat, kuma farin yakan ɗan hauro ta gefen ƙirji ya shiga gaban fiffike kamar an zana masa da alli. Bakinsa miƙaƙƙe ne siriri, ƙafafunsa gajeru ne masu ɗan kore-kore.

Abu uku za su sa ka gane shi ko daga nesa. Na farko rawar jelar nan. Na biyu yadda yake tashi: in ka matso sai ya fyalla ƙasa-ƙasa daf da ruwa, fukafukansa a ɗan lanƙwashe, ya karkaɗa su da sauri, ya ɗan saki, ya sake karkaɗawa, ya je ya sauka can gaba a gaɓa. Na uku kukansa, siririn fito mai kaifi, sau uku a jere, yawanci lokacin da ya tashi. Ba mai son taro ba ne. Galibi shi kaɗai za ka gan shi, yana bin layin da ruwa ya haɗu da ƙasa, yana tsintar ƙwari da tsutsotsi da ƙananan katantanwa. Yakan ma kori ɗan'uwansa in ya shigo masa wurin kiwo.

A nan ba ya sheƙa, ba ya ƙwai. Wannan aikin a arewacin duniya yake yinsa, tun daga Sikotland da ƙasashen Turai, ya bi ta Rasha da Siberiya har Jafan. Can yake samun bakin rafi mai duwatsu, ya ɗan fafe ƙasa a cikin ciyawa, macen ta saka ƙwai huɗu, su yi kwanci kamar mako uku. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa ba da jimawa ba suke fara tafiya da ƙafarsu suna neman abinci. Da sanyi ya doso, ƙwari suka fara ɓacewa, sai a kama hanyar kudu: wasu Afirka, wasu kudancin Asiya, wasu har Ostareliya. A wurinmu sukan fara bayyana tun wajen Agusta da Satumba, su yi kaka da hunturu da rani tare da mu, wajen Afrilu zuwa Mayu mafi yawansu su juya. Cin rani kenan sak, irin wanda samarin Ƙiru da Tudun Wada suke tafiya bayan an gama girbi. Wani abin sha'awa kuma, daidai lokacin da shi yake haramar tafiya, lokacin shamuwa take isowa daga kudancin Afirka da albishir ɗin damina. Kamar masu gadi, wannan ya sauka wannan ya karɓa.

Mu a nan tambayarmu ita ce ina suke zuwa da damina. Su kuma Turawa shekaru aru-aru suna tambayar ina suke ɓacewa da sanyi. Kuma amsoshin da suka riƙa bayarwa sai ka yi dariya. Aristotle, babban masanin nan na Girka, ya ce wasu tsuntsayen ɓuya suke yi a ramuka su yi barci har sanyi ya wuce. Daga baya aka yi ta yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon kududdufi ta kwana a can watanni. Shi kansa Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya sanya tsuntsun namu a kundin sunayen halittu a 1758, ya yarda da wannan zance na tsattsewa.

Hujjar da ta fi girgiza su daga Afirka ta je musu. A watan Mayu na 1822, kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai. Da aka duba sai ga doguwar kibiya ta soke ta a wuya ta fito, kuma kibiyar irin ta mutanen tsakiyar Afirka ce. Wato wani maharbi a nahiyarmu ya harbe ta, ba ta mutu ba, ta tashi da kibiyar a wuya ta yi dubban kilomita har ta isa gida. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock. Wannan maharbin bai san ya aika wa Turai wasiƙa ba.

A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, Hans Christian Cornelius Mortensen, ya fito da dabarar da ake amfani da ita har gobe: ya riƙa kama tsuntsaye yana sa musu ɗan zoben ƙarfe a ƙafa mai lamba da adireshi, ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya rubuto. Da haka aka riƙa haɗa taswirar hanyoyinsu, zobe bayan zobe. Aikin ya iso har ƙasarmu. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masana sun zauna a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, suna kama ƙananan tsuntsayen Turai da bazara suna auna su, suka ga yadda suke tara kitse kafin su tunkari hamada, wasu har su kusa ninka nauyinsu. A nan Kano ma an yi shekaru ana sa wa tsuntsaye zobe, kuma a 1981 wasu masana biyu, Sharland da Wilkinson, suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano. Yanzu kuma zamani ya zo da wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa tsuntsu a ƙafa tana lissafa inda ya bi. Da aka sa wa irin tsuntsun namu masu haihuwa a Sikotland, sai aka ga yawancinsu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suke cin rani, wajen Gini Bisau.

Ku ɗan kwatanta da tafiyar mutane. Ayarin fatake daga Kano zuwa Tarabulus, ta Agadas da Gat da Gadamas, watanni yake yi a hanya, da raƙuma da salkunan ruwa da jagora. Bature Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, bai shigo Kano ba sai Fabrairun 1851, saboda tsaye-tsaye da fitintinun hanya. Faɗin Sahara daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 1,500. Ƙananan tsuntsaye kuwa cikin 'yan kwanaki suke gama da ita, galibi da dare suke tafiya, ba rijiya ba zango mai abinci, sai kitsen da ke jikinsu. Kuma tun kafin a kafa Kano, tun kafin raƙumi ya fara ratsa hamada da kaya, suna wannan zirga-zirga.

Amma kitsen nan ba daga sama yake faɗowa ba. Sai an samu taɓo mai ƙwari a daidai watannin da ya fi kowane lokaci bushewa a ƙasarmu. A nan ne tarihin tsuntsun ya haɗu da namu.

Kogin Kano daga kudu yake tasowa, daga tuddan da suka gangaro daga wajen Jos. Yana ratsa ƙasar Doguwa, yankin da duwatsun Riruwai suke, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ya bi ta cikin dajin Falgore, wanda duk mai bin hanyar Jos daga Kwanar Ɗangora ya san shi. Daga nan ya miƙe arewa, ya haɗu da kogin Challawa a wajen Tamburawa, su zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, ya je ya baje a fadamun Haɗeja da Nguru. Can ruwan yake gamuwa da na kogin Jama'are, abin da ya rage ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi.

Kafin a yi dam, kogin nan na damina ne. Ruwa ya zo da ƙarfi watanni kaɗan, da rani kuma sai yashi da 'yan gurabun ruwa nan da can. Tsuntsun namu yana samun abin da zai tsinta a bakin waɗannan gurabun, amma babbar kasuwar tsuntsayen ruwa tana can ƙasa. Duk shekara ambaliya takan rufe fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali tun daga kaka har cikin rani. Duk inda ta janye sai ta bar danyen taɓo. Manomi ya bi da shinkafa da wake da kayan lambu, masunci ya kwashi kifi, Bafulatani ya shigo da shanu, tsuntsayen Turai kuma su sauka dubun dubata. Kowa da lokacinsa, kuma ruwan ne yake raba musu.

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko, ya riƙe har 1975. Mutum ne da ya sa harkar ruwa a gaba. A zamaninsa aka gina dam ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, sannan tsakanin 1971 da 1974 aka gina babban, wato Tiga. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, tafkin da ya haifar kuma ya kai kusan murabba'in kilomita 180, ya miƙe kudu ta wajen Tudun Wada har ya taɓo gefen dajin Falgore. Ba a yi shi don wasa ba. Shekarun nan ne fari ya addabi yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi hijira. Duk wanda ya ga wannan zai fahimci dalilin da ya sa gwamnati ta ce a tare ruwan damina a ajiye. Daga Tiga ruwa yake zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatir da shinkafa da alkamar da ake lodi daga can, da wani kaso na ruwan da birnin Kano yake sha, duk albarkar wannan aiki ce.

Tsuntsun namu ma ya samu rabonsa. Inda da babu komai da rani sai busasshen yashi, yanzu ga gaɓa mai tsawon gaske. Kuma da yake ana sakin ruwa duk rani, tafkin yana ja da baya kaɗan-kaɗan yana barin taɓo, ga magudanai, ga fakin shinkafa. Wato gaɓar da na harbe shi a kanta, ba ta kai shekara sittin ba ma a yau. Mutum ne ya yi ta.

To amma Bahaushe ya ce faɗuwar wani tashin wani. Na farko da suka biya kuɗin su ne mutanen da ruwan ya cinye wa gidaje da gonaki, dubbai, aka tashe su aka sake musu matsuguni. Dattijon nan masunci yana cikinsu. Wata rana da na girma na koma na same shi, ya nuna min tsakiyar ruwa da haɓarsa ya ce, "Ɗana, ka ga can? Gonar mahaifina tana ƙasa. Ni da fartanya na tashi, ruwa ne ya mai da ni masunci."

Na biyu su ne mutanen ƙasa, na Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ruwan da aka tare a Tiga, shi ne dai wanda da yake zama ambaliyarsu. A 1992 aka ƙara kammala dam ɗin Challawa a Ƙaraye. Dam biyu a sama, ga ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980, sai filin da ambaliya take rufewa ya ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da shekarun 1960. Sannan wata matsalar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Da kogin yana bushewa da rani, yanzu kuwa ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse dindindin, wani wuri ruwa ya daina zuwa gaba ɗaya. Ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Kuma inda kacalla ta rufe, babu buɗaɗɗen taɓon da tsuntsun gaɓa zai taka. Manomi ya yi asara, masunci ya yi, baƙon Turai ma ya yi.

A shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafi. Suka haɗa abin da fadamun Haɗeja da Nguru suke samarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da noman rani na sama yake samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna ruwan ya fi kawo amfani in an bar shi ya isa fadama. Wannan ba ya nufin a rushe Tiga. Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage ɓarnar ruwa a gonakin sama. Hukumar da ke kula da wannan rabo ita ce ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Me ya sa mutanen Turai suka damu da fadamar Nguru? Saboda sun taɓa ganin abin da idonsu. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda yake cika musu shingaye duk shekara, fiye da kashi biyu cikin uku bai dawo ba. Aka yi ta bincike, daga ƙarshe aka gano farin da ya faɗa wa Sahel ne ya kashe su a nan wajenmu. Rashin ruwa a ƙasar Hausa da Barno ya sa gonakin Ingila sun yi tsit. Shekarar da aka fara gina Tiga, 1971, ita ce kuma shekarar da ƙasashe suka taru a garin Ramsar na Iran suka sa hannu a yarjejeniyar kare fadamu da dausayi. A 1987 aka fara shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona a ƙasar Bade don ganin tsuntsayen, a 2000 kuma aka sanya tafkin Nguru a jerin wuraren Ramsar, shi ne na farko a Najeriya.

Ni dai abin da na ɗauka a wannan tarihi shi ne, mu mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a bakin famfo muke zaune. Itacen da aka sare a Falgore aka yi gawayi, ƙasar da ta zaizaye daga nan a cikin Tiga take kwantawa ta rage masa ciki. Maganin ƙwarin da aka fesa ba ƙa'ida a bakin ruwa, shi ne yake kashe abincin tsuntsun nan, ya kuma shiga kifin da za a kai kasuwa. Ruwan da aka bari yana malala a banza a magudana, wani ne a Gashuwa bai samu ba. Ba mu saba kallon kanmu a haka ba, mun fi ganin kanmu a matsayin waɗanda aka manta da su a ƙarshen jiha. Amma kogin ta wajenmu yake fara bi.

Ga matasa masu sha'awa kuma, wannan fage ne da ake karatu a kansa har digiri na biyu. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma akwai 'yan Arewa da suke yawo gari-gari suna rubuta tsuntsayen da suka gani a waya don haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya. Ba sai kana da na'urar hangen nesa za ka fara ba. Ka je bakin Tiga ko Bagauda da sassafe tsakanin Oktoba da Maris, ka samu wuri ka zauna shiru, ka kalli layin da ruwa ya haɗu da ƙasa. In ka ga ɗan ruwan ƙasa mai farin ciki yana rawar jela, ka rubuta ranar. Ka kuma rubuta ranar da ka daina ganinsa.

In kuma ka ga ƙaninka ya ɗaga danƙo, ka riƙe masa hannu ka ba shi labarin kitsen nan. Ni ban samu wanda ya riƙe nawa ba.

Nan za mu dakata. Wanda iyayensa ko kakanninsa suke cikin waɗanda aka tasa lokacin gina Tiga, muna son jin abin da suka ba shi labari, domin shiri na musamman muke son yi a kan garuruwan da ke ƙarƙashin ruwan nan. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.